Awon Kansa

Fita daga gida

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na tashi. Na ɗora ruwan wanka, na sake kwance jakar hulunan na duba su da tocila, ko da yake tun jiya na jera su ɗaya cikin ɗaya na naɗe da farin ƙyalle. Inna, mahaifiyar maigidana, ta riga ni tashi. Na same ta a bakin ƙofarta da carbi, 'yata Ummi tana barci a bayanta. Ta miƙo mini ƙullin ƙuliƙuli, ta ce kada in yarda kowa ya riƙe mini jaka a tasha, ko da ya rantse shi ƙanin babana ne. Ana idar da sallar asuba ɗan acaɓa ya tsaya a ƙofar gida.

Ku 'yan uwana masu ɗinkin hula da kuka ce lallai sai na rubuto muku yadda tafiyar ta kasance, wasunku sun san abin da ya fitar da ni, wasu ba su sani ba, don haka bari in faɗa a taƙaice. Damina uku ke nan da maigidana ya tafi Aljeriya neman aiki. Shekarar farko saƙo yana zuwa. Daga baya aikin ginin da yake yi ya tsaya, wayarsa ma sai a yi wata guda ba ta shiga. In ta shiga, muryarsa tana fitowa kamar daga ƙasan rijiya, ya ce in ƙara haƙuri, sai layin ya yanke. Bayan sallar layya Yaya Sabo, babban yayana, ya zo ya durƙusa gaban Inna, ya ce shi ba shi da ƙorafi a kan halin mijina, amma ba zai zuba ido ƙanwarsa tana ɗora tukunya sau ɗaya a yini ba. In koma gida, a kai maganar gaban alƙali. Na ce ina da sana'a. Ya ce wace, wadda dillali yake sallamarki da kuɗin sabulu? Na shiga ɗaki na ɗebo masa hulunan da na ɗinka na kaina, waɗanda ni na sayi yadinsu, ni na yanka, ni na haɗa, dillali bai ma san da su ba. Ya daɗe yana juya su a hannu, sannan ya ce to, ga bikin baje kolin sana'o'in hannu za a yi a Dutse, ga wani kuma a Kafin Hausa. In hula ta riƙe ni, in zauna a ɗakina in jira mijina. In ba ta riƙe ni ba, zai zo da mota ya kwashi kayana.

Hanyar Dutse

Daga ƙauyenmu na ƙasar Buji zuwa bakin titi tafiya ce ta cikin gonaki, dawa ta yi kai tana dukan kafaɗata hagu da dama. A bakin titi na sami ƙaramar mota saura mutum biyu, muka yi ta jira har rana ta fito sannan ta cika. Direban ya so ya ɗaure jakata a baya tare da buhun gyaɗa, na ce sai dai in sauka. Ya ce, "Hajiya, zinariya ce a ciki?" Na ce ta fi. Ya bar ni na rungume ta a cinya, amma ya ƙara mini wani abu a kuɗin mota, wai jakar ma fasinja ce.

Na zauna kusa da taga. Ni dai tun ina 'yar makaranta littattafan soyayya suka lalata ni, ba na iya kallon hanya ban ƙirƙiro mata labari ba. Duk motar da ta taho daga gabanmu sai in leƙa, in ce a raina wataƙila maigidana yana ciki, ya dawo bai sanar ba don ya ba ni mamaki, ga shi mun saɓa. Har na shirya abin da zai ce wa Inna in ya tarar ba na nan.

Kafin mu shiga Dutse muka tarar da shingen jami'an tsaro. Ɗaya daga cikinsu ya tambayi abin da ke jakar, na buɗe. Ya cire tasa hular ta aiki ya ɗora ɗaya, mai ruwan toka da ratsin shuɗi. Ta zurma har ta rufe masa kunnuwa. Duk motar aka yi dariya, shi ma ya yi, ya mayar mini yana cewa aiki ya yi kyau, Allah ya kawo kasuwa. Na ce a zuciyata, bawan Allah, ƙaramin kai gare shi. Da hantsi muka ga duwatsun garin sun bayyana, manya-manya a kan juna kamar an ajiye su za a dawo a ɗauka.

Takur

Masaukina gidan Mama Rifkatu ne a unguwar Takur. Mutuniyar Filato ce, mijinta ma'aikacin gwamnati, ita kuma tana saƙa kayan jarirai tana haɗa sarƙoƙin duwatsu, kuma babu bikin baje koli da take bari ya wuce ta. Sun saba da Inna tun lokacin da take zuwa kasuwarmu sarin man gyaɗa. Ita ta kama mini rumfa kusa da tata. Ina sauka daga adaidaita ta riƙo hannuna, ta ce, "'Yata, wannan ramar ta yunwa ce ko ta miji?" Na sunkuyar da kai. Ta ce ta gane, duka biyun ne.

Ta ba ni gwaten acca da ganye, irin na garinsu, mai zafi har hanci yana zuba. Kafin in tambaya ta ɗauko sabuwar tabarma da buta, ta nuna mini gabas, ta ce shekarunta a Dutse sun isa ta san alƙibla ko da ido a rufe. Da yamma muka je filin bikin muka share rumfunanmu. Ta koya mini abubuwan da ban sani ba: kada in baje kaya duka lokaci guda, in ajiye madubi inda mai saye zai ga kansa ba sai ya roƙa ba, kuma kada in zauna ina kallon ƙasa kamar wadda aka kawo gaisuwar mutuwa.

Kwana uku a filin biki

Filin ya cika tun da safe. Ga masu sassaƙa ƙwarya, ga dukawa da jakunkunan fata, ga matan da suka kawo faifai da tabarmi, ga wasu samari da zanen duwatsun Dutse a jikin allo. Daga can gefe masu kalangu suna ta yi. Na jera hulunana a kan farin ƙyalle, rana ta taɓa zaren sai sheƙi yake. Mutane suka fara tsayawa tun kafin in gama jerawa.

Mutum na farko ya yaba ɗinkin, ya ce rabonsa da ganin allura ta zauna haka tun zamanin kakarsa. Ya ɗora, ta sauko masa har gira. Ya gwada ta biyu, haka. Ta uku, haka. Ya ce Allah bai nufa ba, ya wuce. Na biyu ma haka aka yi. Wani mai barkwanci ya ɗora, ya juya ga abokansa ya ce su taimaka su nemo shi, ya ɓata a cikin hula. Wani kuma ya tambaye ni ko da murfi ake sayar da ita. Ina murmushi, amma kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Har magariba ban sayar da ko ɗaya ba. Na ce wa Mama, mutanen birni dai ƙananan kawuna gare su, ko zaman ofis ne yake tsotse su.

Kashegari ta zo da tef ɗin awo a rataye a wuya. Ta ɗauki hula ta auna bakinta, ta ajiye, ta ɗauki wata. Sai da ta bi su duka. Sannan ta zauna a kujerata, ni ina tsaye.

"'Yata, da me kike awo in za ki yanka yadi?"

"Da hannuna, Mama. Taƙi uku da yatsa ɗaya."

"Duka?"

"Ai haka ake yi."

"Wa ya gaya miki haka ake yi?"

Babu wanda ya gaya mini. Kun sani, dillali yana kawo mana yadi a yanke, da zanensa, namu kawai allura. Sau ɗaya na taɓa yanka yadi da kaina kafin waɗannan, lokacin da maigidana yake zuwa zance gidanmu. Na so in ɗinka masa hula, kunya ta hana ni tambayar lambarsa, sai na haɗa baki da ƙanwarsa ta sato mini tsohuwar hularsa ranar da ya tafi gona. Na zagaya bakinta da hannuna a bayan rumbu, ina sauri, taƙi uku da yatsa ɗaya. Tun daga ranar ban taɓa auna kan wani namiji ba, ban kuma taɓa tunanin akwai wani awon ba. Mama ta ce duk hulunan lamba ashirin da huɗu ne, alhali yawancin maza ashirin da biyu suke sawa, ko ashirin da biyu da rabi. Ta ce, "Shekara biyu kina zaune kina ɗinka wa mutum ɗaya hula, kika kwaso kika kawo kasuwa."

Ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na fara dariyar, ban san lokacin da ta juye ba. Na tuna ƙeyar maigidana in ya juya zai fita masallaci, da yadda abokansa suke tsokanarsa wai in ana rabon inuwa a tsaya kusa da shi. Ashe duk daren da na ce ina neman abin da zan ci ne da allura, hannuna wani aikin yake yi daban.

Mama ta ce abin mai sauƙi ne: a farke haɗin baya, a yanke yatsu uku, a rage saman, a sake haɗawa. Na ce ba zan sa almakashi a jikinsu ba. Ta ce to in bari Yaya Sabo ya sa mota a ƙofar gidana. Na kira lambar maigidana sau da yawa a yinin nan, ban ma san me zan ce masa ba in ya ɗauka, wataƙila so nake ya ce mini yanke, ba komai. Ba ta shiga ba.

A rana ta uku na sayar da guda ɗaya. Wani Alhaji ne ƙaƙƙarfa, mai sayar da shanu, ya ɗora ta zauna masa daram. Ya ce shi tunda yake bai taɓa sayen hula a kasuwa ba sai dai ya ba da a yi masa, bai ko taya ba ya biya. Da ya juya zai tafi na bi ƙeyarsa da kallo har ya shige cikin mutane. Na san ba shi ba ne, tsawonsu ma ba ɗaya ba. Amma sai da Mama ta taɓa ni sannan na zauna.

Zuwa Kafin Hausa

Na so in koma gida daga nan. Mama ta ce ta riga ta biya mana kuɗin rumfa a Kafin Hausa, ba ta kuma saba asara ba. Bayan sallar asuba muka shiga bas a tasha, muka bi ta Kiyawa da Jahun. Motar cike take da ɗalibai masu komawa makaranta, kowa da waya a kunne. A Jahun muka tsaya aka sha mai, na sayi ƙosai da kunun tsamiya, na kasa ci. Ina kallon gonakin riɗi da aka yanke aka jingina, ina lissafin yadda zan kwance labulen ɗakina, wanda maigidana ya kafa ƙusoshinsa da hannunsa, ɗaya ta karkace ya ce zai gyara in ya dawo.

Kafin azahar muka isa. Ni na sauka a gidan Gwaggo Asabe, 'yar uwar Inna, wadda mijinta malami ne mai makarantar allo a zaure. Mama kuma ta wuce wajen wata 'yar cocinsu. Gwaggo ta ba ni tuwon dawa da miyar kuka, ta tambayi labarin ɗansu na Aljeriya, na ce yana lafiya. Ta dube ni ta ce Malam zai sa shi a addu'a.

Almakashi

Bikin na nan ƙarami ne, na makon al'adu, a wani fili kusa da jami'a, yawancin masu zuwa ɗalibai. Ranar farko na gwada dabara: na farke haɗin wata hula, na ninke abin da ya yi yawa ta ciki na ɗinke, ba tare da na yanke ba. Wani saurayi ya gwada ya ce akwai abin da yake tokare masa ƙeya kamar ya ɗora kai a kan dutse. Mama ta kalle ni ta gefen ido, ta ci gaba da saƙarta.

Bayan kiran la'asar, maza sun tafi masallaci fili ya yi sauƙi, sai ga wata yarinya ɗaliba cikin dogon hijabi tana waige-waige. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta sa hannu ta ɗauki wadda na fi so, mai ruwan ƙasa da ɗigon zinariya, wadda na yi wata biyu a kanta. Sai ta zaro wata tsohuwar hula daga cikin hijabinta, ta yi ƙasa da murya.

"Anti, don Allah ki duba ko za ta yi wa mai wannan. Ki yi sauri, ya cire ta zai yi alwala ne abokinsa ya miƙo mini. Kafin su idar zan mayar."

"Bai san kin ɗauko ba?"

"In ya sani ai na mutu da kunya."

Na karɓa. Hular ta sha jiki, bakinta ya yi duhu da man kai, da ɗuminsa ma a ciki. Na zagaya ta da hannuna. Taƙi uku ba yatsu biyu. Na ce mata wadda ta zaɓa ta yi masa yawa. Fuskarta ta faɗi, ta ce tun shekaranjiya take tara kuɗin abincinta, watan gobe za a kai gaisuwa gidansu, kuma ita wannan take so ba wata ba. Ta tsaya tana shafa ɗinkin da ɗan yatsa.

Na ce ta mayar masa da hularsa ta dawo bayan awa ɗaya. Na miƙa wa Mama hannu ban dube ta ba, ta sa mini almakashi a ciki.

Na farke haɗin baya. Na bi layi biyu da ƙananan ɗinki don kada zaren ya warware in an yanka. Na yi bisimilla. Ƙarar almakashin a cikin zare ba ta da yawa, amma na ji ta har cikin haƙorana. Ɗan ƙyallen ya faɗo a cinyata, faɗin yatsu uku, da rabin fure a jikinsa. Na tura shi cikin jaka, na rage saman, na haɗa. Zanen ya ɗan ci juna a baya, sai wanda ya sani zai gane. Da yarinyar ta dawo ta karɓa da hannu biyu, ta ɓoye a hijabi, ta tafi tana sauri kamar wadda ta yi sata.

Ashe masu dawowa daga masallaci sun tsaya suna kallona ina aikin. Wani ya tambaya ko shi ma za a rage masa. Na ce ni ba na taɓa kan namiji, sai dai ya ba ni hularsa ko abokinsa ya zagaya masa zare. Nan fa wasa ya tashi, suna auna juna suna tsokana, wannan a ce kansa kamar goruba, wancan a ce duk karatun bai ƙara masa ko yatsa ɗaya ba. Kwana biyun da suka rage ban ɗaga kai ba sai don salla. Mutane suna son su ga an yi abin a gabansu, har wani malaminsu ya kawo kujera ya zauna yana jira a gama tasa. Ta biyu ta yi mini ciwo kusan kamar ta farko. Daga ta biyar na daina jin ciwon, wannan ma sai da ya dame ni. Ranar rufewa saura uku a kan ƙyallen, wasu kuma sun bar awonsu a ƙulle da zare, in ɗinka in aiko ta hannun Mama.

Komawa

Mun rabu da Mama a Kiyawa, ita ta yi Dutse ni na nemi motar gida. Ta ba ni tef ɗinta kyauta, ta ce in rataye shi inda zan riƙa ganinsa. Na biya ta shagon Yaya Sabo a bakin titi kafin in shiga ƙauye. Na ajiye masa jakar, ya ɗaga ya ji ba nauyi. Na nuna masa zarurrukan awon da aka ba ni. Ya tambaya ko na ci abinci, na ce e. Ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "To, zauna a ɗakinki. Amma in ya kira, ki ce masa ni ma ina son jin muryarsa." Ya sa aka auno mini shinkafa, na ce ina da kuɗin saye, ya ce ya sani.

Na shiga gida ana kiran magariba. Ummi ta rugo ta riƙe ƙafafuna. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina gode wa Mama Rifkatu da Gwaggo Asabe, da yarinyar da ban ko tambayi sunanta ba, da ku da kuka yi ta kirana a hanya. Wadda duk za ta yanka yadi da kanta a cikinku, ta nemi tef.

Da safe ina kakkaɓe jaka sai ƙyallayen da na yanke suka zubo a tabarma, kowanne da launinsa, rabin fure, rabin tauraro, shuɗi da ja da ruwan toka. Na jera su gefe da gefe don kawai in gani. Na bi su da hannuna. Taƙi uku, saura kaɗan ya cika. Na ɗauko allura na fara haɗa su. Inna ta fito ta tsaya a kaina, ta gane abin da nake yi, ta ce wannan ai ko mahaukacin kasuwa ba zai sa ba, balle ɗanta mai son tsari, yana gani zai ce ba ya so.

Na ce, "Inna, ya zo ya faɗa da bakinsa."

Ta juya ta koma ɗaki. Can sai ga ta da tabaranta a hanci, ta zauna kusa da ni, ta ce in miƙo zaren ta riƙa zura mini a allura.